Bashin dala a cikin rahoton kamfanoni: yadda binciken digirina na biyu ya gudana

Taken da na fara kai wa sashe babu wani sabon abu a cikinsa: tasirin bashi a kan ribar kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiyar kundaye na sashen akanta ko na harkar kuɗi a jami'o'inmu ya ga irinsa jere a kan kanta, shekaru kawai ake sauyawa. Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi, digiri na biyu kuma ya zame mini dole in dai ina son ci gaba a wurin aiki. Farfesan da aka haɗa ni da shi ya karanta takardar, ya ajiye ta, ya ce: "Malam, bashi iri nawa ne? Kamfani iri nawa ne? Je ka rage shi har ya koma kayan da mutum ɗaya zai iya ɗauka."

Kafin ya yarda mu yi maganar alƙaluma, sai da ya sa na zauna da tushen muhawarar. A 1958 masana biyu a Amurka, Modigliani da Miller, suka nuna cewa in da babu haraji, babu asarar da durƙushewar kamfani ke jawowa, kuma kowa ya san abin da kowa ya sani, to darajar kamfani ba ruwanta da ko da bashi aka gina shi ko da kuɗin masu hannun jari. A 1963 suka dawo suka shigo da haraji, tunda ana cire kuɗin ruwa kafin a lissafa harajin kamfani, bashi yana da ɗan amfani. Daga nan wasu suka ce ai amfanin yana da iyaka, domin bashi in ya yi yawa yana iya kai kamfani ƙasa. Jensen da Meckling a 1976 suka dubi saɓanin da ke tsakanin masu kamfani da waɗanda ke gudanar da shi da masu bin sa bashi. Myers da Majluf kuma a 1984 suka kawo bayanin da ya fi kwanta mini: kamfani yana fara cin ribar da ya tara ne, in ba ta isa ba ya ci bashi, sayar da sabon hannun jari shi ne na ƙarshe. Farfesa bai yarda da haddar sunaye da shekaru ba. Yakan rufe littafin da ke gabana ya ce in yi masa bayani kamar ina gaban ɗalibaina 'yan shekarar farko. Ranar da na iya yin haka ba tare da in-ina ba, ranar ya sa hannu a kan babi na biyu.

Mun tsaya a kan kamfanonin da ke sarrafa kaya: abinci, abin sha, sabulu, sukari, fulawa, siminti, fenti. Shekaru kuma daga 2012 zuwa 2023.

A wajen kare furofozal, wato takardar tsarin binciken da zan yi, tambayoyin da aka yi mini duk a kan waɗannan iyakoki suke. Me ya sa 2012? Domin a shekarar ne kamfanonin da ke kasuwa suka koma tsarin rubuta lissafi na duniya, wato IFRS, kuma alƙaluman da suka gabace ta an gina su a kan wasu ƙa'idoji dabam, haɗa su wuri guda zai ɓata awo. Me ya sa babu bankuna? Domin ajiyar da jama'a ke yi a banki bashi ce a kansa, sana'arsa ke nan, kuma Babban Bankin Najeriya ne ke yanka masa yawan jarin da zai riƙe, ba shi ke zaɓa ba. Wani malami ya tambaye ni ko na san yawan kamfanonin da ke kasuwar gaba ɗaya. Na ce wajen 150. Ya ce to in riƙe wannan a raina, domin kasuwar da aka kafa a Legas tun 1960, ta fara ciniki a 1961, har yau iyakarta ke nan, kuma in na ware ɓangare ɗaya abin da zai rage mini kaɗan ne. Duk abin da zan faɗa a ƙarshe, in faɗe shi daidai girman samfurina. Aka amince da furofozal, aka ba ni gyare-gyare, na dawo gida.

A nan ne aikin gaske ya fara, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne ɓangaren da ba a koyar da shi a aji.

Kowane kamfani da ke kasuwa dole ne ya fitar da rahoton shekara wanda masu binciken kuɗi suka duba suka sa hannu. Ana samun su a shafin NGX, sunan da kasuwar ta koma amsawa tun 2021, da kuma shafukan kamfanonin. Na riƙa sauke su da daddare, bayan yara sun yi barci, lokacin da intanet ta fi sakin jiki, ina caja kwamfuta a ofis da rana saboda ba a dogara da wutar gida. Wasu rahotannin sun haura shafi ɗari. Na tsofaffin shekaru wasu hoto ne kawai aka ɗauka, ba ka iya neman kalma a ciki, sai dai ka bi shafi-shafi da ido. Na buɗe Excel na yi layi ga kowane kamfani a kowace shekara: jimlar kadarori, bashin gajeren lokaci, na dogon lokaci, jarin masu hannun jari, kuɗin ciniki, riba kafin haraji, riba bayan haraji, kuɗin ruwan da aka biya. A gefen kowace lamba na sa lambar shafin da na ɗauko ta. Wannan shawarar Farfesa ce, ta kuma cece ni daga baya.

Tarkunan da ke cikin rahoton suna da yawa. Wani kamfani yana rubuta lissafinsa a dubban naira, wani a miliyoyi, wani ma ya sauya a tsakiyar shekarun, in ba ka dubi kan jadawalin ba sai ka mai da ƙaramin kamfanin fenti ya fi Dangote Cement girma. Akwai ginshiƙi biyu a mafi yawan rahotanni, na rukunin kamfanoni da na uwar kamfani ita kaɗai, dole ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshe. Akwai lambar da za ka gani a rahoton bana a matsayin ta bara, amma ta saɓa da wadda ke cikin rahoton baran, saboda an sake lissafi. Sai ka je bayanan ƙarshen rahoto ka ga dalili. A 2019 sabuwar ƙa'idar haya, IFRS 16, ta fara aiki, hayar gini da ta motoci da a da ba a sa su cikin bashi suka shigo, sai ka ga nauyin wani kamfani ya ƙaru alhali bai karɓi ko kwabo ba. Ga kuma ƙarshen shekara da bai zo ɗaya ba: Flour Mills tana rufe littafinta a ƙarshen Maris, PZ Cussons a ƙarshen Mayu, yawancin saura a ƙarshen Disamba.

Sai kamfanonin da suka ɓace a tsakiyar hanya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne kamfanin simintin Sakkwato, CCNN, wanda buhunsa ya gina gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu. Ya haɗe da wasu kamfanonin BUA, daga farkon 2020 sunan BUA Cement ne ke kasuwa, kuma girman sabon bai yi kama da na tsohon ba ta kowace fuska. Ba za ka jera su a layi ɗaya ka ce kamfani guda ne ba. Dangote Flour Mills ta fita bayan Olam ta saye ta a 2019. BUA Foods kuma sai a Janairun 2022 ta shigo. In ka ce sai wanda ya cika shekaru goma sha biyu cif za ka ɗauka, ka zaɓi waɗanda suka tsira ne kawai, ka bar waɗanda labarinsu zai iya sauya sakamakon. Na bar kowa da shekarun da ya samu, na rubuta dalili a babi na uku.

Akwai masu sayar da waɗannan alƙaluma a shirye, za su turo maka jadawali ta WhatsApp cikin yini ɗaya. Na fahimci wanda ya saya, domin ga aiki ga iyali ga wa'adin makaranta. Amma ban ba kowa shawarar haka ba. Wanda bai buɗe rahoton da hannunsa ba ba zai san abin da lambar ke nufi ba, kuma abin da ya zama zuciyar bincikena ba a cikin jadawali na same shi ba, a shafin rahoto na ci karo da shi.

Rahoton Nestlé Nigeria na 2023 ne. Kuɗin cinikinsu ya tashi daga wajen naira biliyan 447 a 2022 zuwa wajen biliyan 547. Maggi da Milo suna fita kamar kullum, ribar gudanar da aiki tana nan. Amma da na sauko ƙasan shafin, lambar ƙarshe tana cikin baka, alamar asara, kusan biliyan 80. Na juya zuwa shafin kadarori da basussuka, na tarar da jimlar jarin masu hannun jari ita ma cikin baka take, ta faɗa ƙasa da sifili. Na sa lambobin a Excel, sai ma'aunin da aka amince mini da shi a furofozal, wato bashi a raba da jarin masu hannun jari, ya fito da alamar ragi a gabansa. Ga kwamfuta, wannan na nufin kamfanin ya fi kowa ƙarancin bashi a shekarar, alhali a lokacin ne nauyi ya fi danne shi.

Dalilin kowa ya san shi, sai dai ban taɓa ganin sawunsa a takarda haka ba. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe hanyoyin canjin kuɗi ya saki naira. Dala da take wajen naira 460 a hukumance ta kai wajen 900 a ƙarshen shekara, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ƙa'idar lissafi ta ce duk bashin da ke cikin kuɗin waje a sake auna shi da farashin ranar rufe littafi, bambancin kuma a zuba shi cikin riba ko asara. Kamfanin da ake bin sa dala miliyan 100, a watan Mayu nauyinsa naira biliyan 46 ne, a ƙarshen Disamba ya koma biliyan 90, bai ƙara cin bashi ba, bai sayi sabon inji ba. Nestlé tana da rancen dala daga uwar kamfaninta. Dangote Sugar, da ke shigo da ɗanyen sukari daga waje, ita ma ta rufe shekarar da asarar da ta haura biliyan 70. Cadbury Nigeria ta faɗa irin wannan rami, har ta kai ga mai da wani bashin uwar kamfani hannun jari a 2024. MTN Nigeria ba ta cikin samfurina, amma ita ma ta yi asarar biliyan 137 a shekarar. A gefe guda kuma ga kamfanonin da bashinsu na naira ne, sun ji jiki da kuɗin ruwa, amma ba su kife ba.

Na kai wa Farfesa shafukan a buge. Na ce: "Ranka ya daɗe, tambayar da muka yi ba ta isa ba. Mun tambayi yawan bashi, ba mu tambayi da wane kuɗi aka ci shi ba." Ya daɗe yana duba shafin. Ya ce in sauya ma'auni zuwa bashi a raba da jimlar kadarori, tunda kadarori ba sa faɗawa ƙasa da sifili, sannan in koma kowane rahoto in ciro kason bashin da ke cikin kuɗin waje. Ya kuma gargaɗe ni cewa tunda an riga an amince da furofozal, sai na rubuta wa kwamitin sashe takarda na nemi izinin ƙari. Na rubuta, aka yarda.

Komawar ba ta yi daɗi ba, domin wannan bayanin ba ya cikin manyan jadawalai na gaba. Yana can ƙarshe, a sashen da kamfani ke bayyana haɗarin da ke tattare da kuɗinsa, inda ake jera abin da yake bi da abin da ake bin sa a dala da yuro da fam. Wani kamfani ya rubuta a dala, wani ya juya zuwa naira, wani ya haɗa rancen banki da kuɗin kayan da bai biya ba tukuna. Na tsara wa kaina doka ɗaya na bi ta a kan kowa, inda bayanin bai fito fili ba na bar gurbin babu komai. Cika gurbi da zato ya fi barinsa illa.

Ana cikin haka na je Jega gaishe da kawuna, wanda ya yi shekaru yana sayen shinkafa shanshera a fadamun Argungu da Suru, yana kuma da abokan ciniki a Kamba, bakin iyakarmu da Nijar. Ya tambaye ni abin da ya hana ni zuwa kwana biyu, na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya ce: "Ɗana, wanga abu ai mun gan shi da idonmu." Ya ba ni labarin 'yan kasuwar da suka karɓi kaya bashi daga Gaya ta Nijar, aka yanka musu farashi da sefa, suka kawo suka sayar da naira. Kafin lokacin biya ya yi, sefa ta tashi, tunda ita a ɗaure take da yuro, ga kuma iyaka da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kaya sun ƙare, an ci riba a baki, amma kuɗin da ke hannu bai kai na mai kaya ba. Wasu sai da suka sayar da shanu. Na tambaye shi yadda shi yake haɗa jarinsa in kaka ta zo. Ya ce da nasa yake farawa. In bai isa ba, ya karɓi na 'yan'uwa a raba riba. In har yanzu da saura, manoman da suka san shi su ba shi kaya a kan amana ya biya bayan ya sayar. Banki kuwa bai taɓa zuwa ba, saboda kuɗin ruwa. Jerin da ya lissafa mini ya yi kusa ƙwarai da wanda na sha wahalar fahimta a babi na biyu, sai dai dalilinsa na addini ne da mutunci, ba na abin da masu zuba jari suka sani ko ba su sani ba, wanda Myers da Majluf suka kafa bayaninsu a kai.

Wannan hira ta bar mini damuwar da har yanzu ba ta sake ni ba. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Muna da injin casar shinkafa na Labana a cikin gari, da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga albasar Aliero, ga kifin Yauri. Kuɗi masu yawa suna juyawa, ana cin bashi ana biya ana kasa biya. Amma waɗannan manyan injinan ba sa cikin kasuwar hannayen jari, ba wajibi ba ne su buga lissafinsu ga jama'a, 'yan kasuwa irin kawu kuma lissafinsu yana cikin ƙaramin littafi da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗalibi a Kebbi yake ƙarewa da nazarin kamfanonin Legas: su ne ke da takarda. Ban ga laifin nazarin ba, mutanenmu suna da hannun jari a cikinsu, kuɗin fanshonmu ma ana zuba wani kaso a can. Amma ina ganin sashen kuɗi a jami'o'in wannan yanki ya kamata ya ƙarfafa wa ɗalibai su fita da takardar tambayoyi zuwa kasuwa da injin casa, ko da aikin zai fi wuya kuma sakamakon ba zai yi ƙyalli ba.

Nazarin alƙaluman da manhajar Stata na yi shi. Wani abokin aiki daga sashen tattalin arziki ya zauna da ni ya nuna mini yadda ake gaya mata wane ginshiƙi ne kamfani, wane ne shekara. Daga nan aka bi matakan da aka saba: duba matsakaici da mafi girma da mafi ƙanƙanta, duba ko ma'aunan suna maimaita juna, sannan a gwada hanyar da ke ware halin kowane kamfani da wadda ke ɗaukarsa a matsayin dace, gwajin Hausman ya raba gardama. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Abin da aka yi watanni ana tarawa, cikin daƙiƙa kaɗan take ba ka amsarsa, kuma za ta ba ka amsa ko da shara ka zuba mata.

Shekarar 2023 ta yi nisa da sauran shekaru, har tana jan sakamakon gaba ɗaya. Wani ɗan ajinmu ya ce in cire ta in huta, in tsaya a 2022, komai zai fito sumul. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma a wannan shekarar ce abin da nake nema ya bayyana. Abin da na yi shi ne na rage kaifin lambobin da suka fi fita daga layi, kashi 1 cikin 100 ta sama da ta ƙasa, sannan na gudanar da lissafin da 2023 a ciki da kuma babu ita, na ajiye jadawalan biyu gefe da gefe don mai karatu ya gani da kansa. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, ta farautar lambar gwaji da ta gaza 0.05 don a samu tauraro a jadawali, alamar cewa alaƙar ba dace ba ce, a yi ta sauya ma'auni har sai ta fito. Wasu daga cikin ma'aunaina ba su nuna wata alaƙa ba, haka na rubuta su. Abin da ya tsaya daram shi ne kamfanonin da suka fi bashi sun fi ƙarancin riba, wanda ya dace da abin da aka sha samu a ƙasashe masu tasowa, kuma a shekarar da naira ta faɗi, kason kuɗin waje a cikin bashin ya fi yawan bashin kansa bayyana wanda ya yi asara.

Kare aiki a cikin sashe ya wuce da gyaran rubutu da tsarin jadawali. Sai aka sa kundin a manhajar gano kwafe, na sake rubuta wasu wurare a babi na biyu da kalmomina. Mai jarrabawa daga waje shi ne ya tatse ni. Ya buɗe jadawalin ƙarshen kundi, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ya ce in nuna masa inda na samo wannan lamba. Na duba lambar shafin da na rubuta a gefe, na buɗe rahoton a kwamfuta, na juya masa fuskarta. Ya gyaɗa kai, bai sake tambayar alƙaluma ba. Sai ya koma kan abin da ya fi nauyi: "Kai ka ce bashi ke rage riba. In na ce maka rashin riba ne ke tura kamfani cin bashi fa?" Gaskiya ce, kuma bayanin Myers da Majluf ma can ya nufa, domin mai riba ba ya bukatar rance. Na amsa cewa lissafina alaƙa ya nuna, bai tabbatar da wanda ya haifi wani ba, sai dai a batun 2023 bashin dalar ya riga faɗuwar naira, kuma ba kamfanonin suka yanke shawarar sakin ta ba. Ya karɓi wannan, amma ya sa in sake lissafi da bashin shekarar da ta gabata a kan ribar shekarar da ke biye, in kuma cire kalmar "ya haddasa" duk inda na sa ta ba da hujja ba.

Ya kuma soke rabin shawarwarina. Na rubuta cewa gwamnati ta daidaita darajar naira, ya ce wannan fata ne, ba daga bincikena ya fito ba. Abin da ya bari shi ne wanda alƙalumana za su iya ɗauka: kamfanin da ke sayar da kaya da naira ya auna kason bashinsa na kuɗin waje da abin da yake samu a kuɗin waje, masu hannun jari kuma su riƙa karanta sashen haɗarin canji kafin su je taron shekara, kada su tsaya a shafin rabon riba.

Bayan gyara, aka sa hannu, na kai aka ɗaure kundin da baƙin bango, na miƙa kwafin da ake bukata. Sharaɗin da ya rage shi ne fitar da maƙala daga ciki. Saƙonni sun yi ta shigowa daga mujallun da ke alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ba tare da wani ya karanta ba. Farfesa ya hana ni, ya ce suna ɓata suna a gaban kwamitin ƙarin girma. Na aika wa mujallar wani sashe a wata jami'a, aka yi watanni, sannan ta dawo da sharhin masu dubawa biyu. Ɗayansu ya ce ba zai yarda da hujjar da ta rataya a kan shekara ɗaya ba, in ƙara 2024.

Shi nake yi yanzu. Shekarar tana da nata salon, domin Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 a farkonta zuwa 27.5 a Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamba. Kamfanin da ya gudu daga bashin dala ya koma na naira ya tarar da shi da tsada, wasu suka juya ga masu hannun jarinsu suka nemi ƙarin jari, Nestlé kuma ta sake kimanta darajar filaye da gine-gine da injinanta. Wannan na ƙarshen zai kumbura jimlar kadarori, wato abin da ake raba bashi da shi a ma'aunin da na koma amfani da shi, don haka na ƙara ginshiƙi a jadawalina na ware kason da sabon kimantawa ya kawo, kafin in sake gudanar da lissafin in mayar wa mujallar.